Abin da ya kamata ku sani: shuka na kiran masu taimakonta idan ƙwari sun far mata

Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, sa'ad da sanyi ya fara ja da baya zafi kuma ya kunno kai, duk mai noman albasa a fadamar Wurno ko a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo ya san abin da ke tafe. Lawashi zai fara dabbare-dabbaren fari, bakinsa ya bushe, ya lanƙwashe. In ka buɗa wuyan albasar, can tsakanin ganye da ganye, za ka tarar da wasu ƙananan ƙwari da ƙyar ido ke kama su, waɗanda malaman gona ke kira tirips. Sai a ɗauko tankin feshi. A fesa yau, mako guda sun dawo. A ƙara ƙarfin magani, a gauraya kala biyu ko uku, su sake dawowa fiye da na farko. Daga nan sai a ce maganin bana jabu ne.

Wani lokaci jabun ne. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, ya kuma yi kisa, sai dai ya haɗa da waɗanda bai kamata ya taɓa ba. A kowace gona akwai ƙwarin da ba su cin shuka, ƙwari 'yan'uwansu suke ci. Ita kuwa shuka tana da hanyar kiran su idan an taɓa ta. Wannan magana ba tatsuniya ba ce. An gwada ta a masara, a wake, a tumatir, a shinkafa, an kuma zurfafa bincikenta a gonakin shayi. Manomin da ya gane ta zai rage kuɗin da yake zubarwa a shagon magani.

Mu fara da abin da kowa ya sani a madafi. Me ya sa albasa ke sa hawaye idan ana yanka ta? Me ya sa tafarnuwa ba ta da wari sosai sai an daka ta? Cikin kowannensu akwai sinadarai iri biyu da ke zaune dabam-dabam, ba su haɗuwa sai wuƙa ko haƙorin tsutsa ya fasa tsokar. Da sun haɗu sai su ba da wani abu mai yaji, wanda a tafarnuwa ake kira alisin. Yajin barkono, ɗacin dogonyaro, nikotin da ke cikin taba, gubar da ke cikin angurya, farin ruwan tumfafiya, duk makaman kare kai ne. Shuka ba ta gudu, ba ta da ƙaho ko farce, sai Allah ya ba ta waɗannan. Wasu suna zaune cikin ganye da saiwa, su hana ƙwaro ci ko su tsurar da shi. Wasu kuma masu tashi ne, suna bin iska a matsayin ƙamshi ko wari. Waɗannan na biyun su ne abin mamaki.

Kafin a zo gare su, ya kamata a san su wa ake kira. Kowa ya taɓa ganin zanzaro ɗauke da koriyar tsutsa zai kai gidansa na laka a jikin bango. Abincin 'ya'yansa ne yake tarawa, kuma daga gonar wani ya ɗauko ta. Zanzaro yana da dangi ƙanana ƙwarai, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, ba su harbin mutum, ba su gina gida. Macen takan nemi tsutsa ko ƙwan ƙwaro ta zuba nata ƙwai a ciki ko a jikinsa, 'ya'yanta su ƙyanƙyashe su cinye shi. Akwai gizo-gizo, wanda a gonar shinkafa babu kamarsa wajen farauta. Akwai mazari, akwai ƙoƙi-ƙoƙi, akwai tururuwa. Akwai ɗan ƙwaron nan ja mai sheƙi da ɗigon baƙi a baya, wanda shi da 'ya'yansa ke cin ƙwarin darɓa da dama a yini guda. A nan sai an lura: yana da wani ɗan'uwa marar sheƙi, mai launin ƙasa-ƙasa, da ke kankare ganyen kankana da guna. Wannan maɓarnaci ne, kada a haɗa su.

Yaya ɗan zanzaron da bai kai ƙwayar gero ba yake gano tsutsa guda a cikin gonar masara mai faɗi? A 1990 wasu masana uku a Amurka, Ted Turlings da James Tumlinson da Joe Lewis, suka buga sakamakon wani gwaji da ya ba da amsa. Sun ɗauki ƙananan shukokin masara. Wasu suka kankare ganyensu da reza kawai. Wasu suka kankare sannan suka shafa musu yawun tsutsa a kan raunin. Bayan 'yan sa'o'i, waɗanda aka shafa wa yawun suka fara fitar da ƙamshi mai yawa, kuma wurinsu ƙananan zanzaron suka nufa. Waɗanda reza kawai ta taɓa ba su ja hankalinsu sosai ba. Ashe masara tana bambanta raunin ƙarfe da cizon tsutsa. A 1997 aka ware sinadarin da ke cikin yawun wanda ke tayar da ita, aka sa masa suna bolisitin. Tsutsar da aka yi gwajin da ita tana cikin masu cin ganyen albasa a ƙasashe da yawa. Tun kafin wannan, a Holand, Marcel Dicke da Maurice Sabelis sun nuna cewa waken da jan ƙwaro mai saƙa ya kama yana fitar da ƙamshin da ke jawo mai cin wannan ƙwaro.

Abin ya yi kama da maigidan da ɓarawo ya haura masa katanga cikin dare: ba shi da ƙarfin kama shi, sai ya yi kururuwa maƙwabta su fito. Amfanin kururuwar ya dogara ga abu ɗaya, a ce akwai maƙwabtan.

Abin da gonakin shayi suka koyar

Ba a noman shayi a ƙasar Sakkwato, ba kuwa za a yi ba, don yana son sanyi da ruwan sama mai yawa da ƙasa mai tsami. A Najeriya sai a tsaunin Mambila na jihar Taraba, inda ake da gonar Kakara tun shekarun 1970. Mu namu sha ne, a teburin mai shayi da safe ko a majalisar ataya da dare. Amma manoman shayi sun riga kowa shiga wani hali da ya tilasta musu neman wannan ilimi. Toho ake tsinka, kusan duk mako ko mako biyu, kuma ba a wanke shi kafin a sarrafa. Abin da aka fesa masa yana iya biyo shi har cikin kofi. Ƙasashen da ke saye, musamman na Turai, suna auna ragowar magani a ganyen, su mayar da kayan da ya wuce ƙa'ida. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin daikulobos, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya.

Ganyen shayi yana da nasa makaman. Kafeyin, wanda ke hana mai gadi barci, guba ne ga ƙwari da yawa. A 1984 James Nathanson na jami'ar Harbad ya zuba garin ganyen shayi da na kofi a abincin tsutsar taba, ta rage ci, ta tsumbure, da aka ƙara yawansa ta mutu. Baurin da ake ji idan shayi ya jiƙu da yawa shi ma na hana ƙwaro jin daɗin ganyen ne. Duk da haka akwai ƙwarin da suka saba da waɗannan, suna ci lafiya lau. Su ne ake kira wa taimako. Masana a cibiyar binciken shayi da ke birnin Hanzhu na ƙasar Sin sun gano cewa tohon da ƙwarin darɓa suka kama yana fitar da ƙamshin da ke jawo jan ƙwaro mai ɗigo da ƙananan zanzaro, kuma wanda tsutsa ta ci yana fitar da wani ƙamshin dabam. Har bishiyar da ke gefe, wadda ba a taɓa ba, takan ji wannan ƙamshi ta fara tanadin nata makaman tun kafin a iso gare ta.

A tsibirin Taiwan abin ya kai ga kasuwa. Akwai wani shayi mai tsada da ake kira Oriental Beauty, wanda ba ya samuwa sai wani ɗan koren ƙwaro mai tsalle ya tsotsi ganyen. Sinadaran da ganyen ya fitar saboda cizon su ne ke ba shayin ƙamshin zuma. Masu noma shi ba su fesa maganin ƙwari a lokacin, don in ƙwaron ya mutu ƙamshin ya tafi, kuɗin ma ya tafi. Ba ana cewa kowace ɓarna alheri ce ba. Amma ganin ƙwaro a gona da yin asara abu biyu ne.

Makamin shuka yakan sami wanda ya zo taimako

A nan ne maganar ta fi wuya, kuma masu tallan "maganin gargajiya ba ya cutarwa" ba su faye kawo ta ba. Dubi farar tumfafiya. Yaran Rabah da ke kamun fara sun san ba a cin ta, tsuntsaye ma sun sani. Ta ci gubar tumfafiya ta adana a jikinta, abin da aka yi don kore ta ya zama garkuwarta. Haka ƙwarin darɓa ruwan ɗorawa da ke taruwa a kan tumfafiya, su ma suna ɗauke da gubar, masu cin su kuwa wasu kan wahala.

Irin wannan na faruwa a amfanin gona. Ganye da ɗanyen tumatir suna da wani sinadari mai suna tomatin. A 1979 wasu masana a Kalifoniya, Campbell da Duffey, suka ciyar da tsutsar tumatir abinci mai wannan sinadari. Tsutsar ba ta damu sosai ba, amma ɗan zanzaron da ke girma a cikinta shi ya sha wuya: wasu suka mutu, wasu suka fito da naƙasa. An ga haka da nikotin a tsutsar taba. Gashin nan mai danƙo na jikin tumatir ma, da ke kama ƙananan ƙwari, ba ya tambayar wa ya zo ci wa ya zo taimako.

Wannan ya kai mu ga dalilin da ya sa feshi ke fin cutar da masu taimako. Ƙwaron da ke cin shuka tun kaka da kakanni da guba yake rayuwa, jikinsa yana da hanyoyin narkar da ita, don haka bai da wuyar sabawa da maganin kanti. Mai cin nama bai kai shi wannan shiri ba. Ga shi kuma maɓarnaci a ɓoye yake: tirips a wuyan albasa, tsutsa a cikin karan shinkafa ko cikin bututun lawashi, tsutsar da ake kira sharon a tsakiyar ganyen tumatir. Mai farauta kuwa yawo yake a sarari, a kan ganyen da aka jiƙa da magani. In an kashe kashi tara cikin goma na kowane ɓangare, ragowar maɓarnata za su hayayyafa cikin mako biyu zuwa uku a zafin Maris, ga abinci har ya yi yawa. Ragowar masu farauta ba su da abin ci, ko su mutu ko su ƙaura. Shuka na ta kira, babu mai amsawa.

Indonesiya ta ga ƙarshen wannan hanya. Gwamnati ta yi shekaru tana sauƙaƙa wa manoman shinkafa kuɗin magani, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotson gindin shinkafa, wanda a da gizo-gizo ke riƙe da shi, ya zama annoba. A 1986 Shugaba Suharto ya haramta fesa magunguna 57 a gonar shinkafa, daga baya aka buɗe makarantun manoma a cikin gona inda ake koya musu gane ƙwari. A Biyetnam kuma, daga 1994, aka yi ta kira ga manoma da su daina feshi don tsutsar ganye a kwana 40 na farko bayan shuka, saboda shinkafa ƙarama tana mayar da ganyen da aka ci. Waɗanda suka gwada sun ga amfaninsu bai ragu ba. Mai shinkafa a Wurno da ya ga ganye biyu-uku a naɗe ya ruga shago, wannan labari nasa ne.

Taki ma yana da hannu. Yuriya in ta yi yawa, ganye yakan yi laushi da ruwa-ruwa, ya zama abincin da tirips da darɓa suka fi so. Iri shi ma haka. A 2011 masana a Kenya suka nuna cewa wasu tsofaffin irin masara na manoma suna fara kiran zanzaro tun daga lokacin da aka zuba musu ƙwai a ganye, kafin tsutsa ta fito, alhali irin kamfani da suka gwada tare ba su yi haka ba. Wannan ba dalilin ƙin ingantaccen iri ba ne. Dalili ne na kada a yar da irin gida gaba ɗaya.

Ba sai an je Asiya ba kafin a ga wannan aiki da ido. Gulbin Maraɗi a Rima yake zubewa, kuma geron da ake nomawa a tudun Rabah da Gandi shi ake nomawa a can. Akwai tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana yanka ta zagaye-zagaye, wadda manoman Nijar ke kira murzuna. Fesa mata magani bai da riba, don tana ɓuya cikin zangarniya, gero kuwa ba ya ɗaukar kuɗin magani. Tun daga 2006 masana na cibiyar binciken noma ta Nijar da ke Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suka kama kiwon wani ɗan zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda dama ɗan ƙasa ne, sai dai yakan yi yawa ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Dabarar ita ce a taimaka masa ya iso da wuri. Ana zuba gero da ɗan gari a ƙaramar jakar algarara, a sa tsutsotsin rumbu kimanin 25, a saka mata biyu na zanzaron, a rataye a bishiya ko a jikin rumbu sa'ad da gero ya fara fitar da kai. Bayan kwanaki 'ya'yan su fito ta ramukan jakar su bazu cikin gonaki. Jaka 15 ake ba ƙauye guda. Binciken da Farfesa Ibrahim Bawa na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi da abokan aikinsa suka buga ya nuna mutuwar tsutsar ta kai kusan kashi 80 cikin 100 a wasu wurare, gero kuma ya ƙaru da kimanin kashi 34 cikin 100. Har ƙungiyoyin manoma suka koyi kiwon suna sayarwa.

Sai dai zanzaro babba ba tsutsa yake ci ba, 'ya'yansa ke ci. Shi ruwan fure yake sha. In ya sami fure yakan daɗe ya zuba ƙwai da yawa, in bai samu ba kwana kaɗan ya mutu. Gonar da aka share ƙal, babu ko tsiro a kan kunya da gefen kwata, ba ta da abin da za ta riƙe shi da shi. A 2016 aka buga sakamakon gwajin shekara huɗu a gonakin shinkafa na Sin da Tailan da Biyetnam, inda aka shuka tsirrai masu fure a kan iyakokin gona. A Sin riɗi aka shuka. Feshi ya ragu da kashi 70 cikin 100, amfani ya ƙaru da kashi 5. Riɗi ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma bayan aikin da furensa ya yi za a girbe shi a kai kasuwar Achida. Yana kuma riƙe wani ɗan koren ƙwaro da manoman Sifen ke amfani da shi wajen yaƙar sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. A Kenya kuma, wasu masana na cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE, ƙarƙashin jagorancin Zeyaur Khan, sun fito da tsarin shuka wani dangin wake mai yaɗo a tsakanin masara, da ciyawar dabbobi a kewaye, don rage tsutsar kara, ita kuma saiwar mai yaɗon ta hana wuta-wuta kama masarar. Ba a ce a kwafo shi yadda yake ba, domin ruwan samansu ya fi namu. Amma kakanninmu da ke haɗa gero da wake da riɗi da yakuwa a gona ɗaya suna cin wani abu daga wannan riba.

Dogonyaro, da yadda za a yi da shi

In feshi ya zama dole, abin tambaya shi ne wanne zai rage maɓarnaci ya bar mai taimako. A ganina, a ƙasarmu babu abin da ya kai dogonyaro, kuma abin takaici ne yadda 'ya'yansa ke zuba suna ruɓewa a ƙofar gidaje da makarantu daga Wurno har Goronyo, mai gona kuma na cin bashi don sayen magani. Asalinsa daga yankin Indiya ne, a 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fari sun cinye kowane kore a wani yanki na Sudan amma sun bar dogonyaro. A 1968 aka ware sinadarin da ke yin wannan aiki a Ingila, ana kiran sa azadiraktin, kuma ya fi yawa a cikin ƙwallon, ba a ganye ba.

Yadda yake aiki shi ne ya sa yake da sauƙi ga masu taimako. Ba ya kayar da ƙwaro nan take. Yana hana shi ci, ya hana tsutsa saɓa, ya rage zuba ƙwai, kuma ya fi kama wanda ya ci ganyen da aka fesa. Gizo-gizo ba ya cin ganye. Saboda haka manomin da ya fesa dogonyaro da yamma, ya dawo da safe bai ga gawar ƙwari a ƙasa ba, kada ya ce bai yi ba. A duba bayan kwana uku ko huɗu, a ga ko sabon ganye na fitowa lafiya.

Ana tsince nunannun 'ya'yan, a wanke ɓawon, a shanya a inuwa har su bushe sarai, don in suka yi fumfuna sun lalace. A fasa a cire ƙwayar, a daka. Rabin kilo na garin ake jiƙawa a lita 10 ta ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a narka ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye. Lawashi yana da santsi, in babu sabulun ruwan zamewa zai yi. A fesa da yamma liƙis, a nufi wuyan albasar, domin rana na kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, kuma da yamma ƙudan zuma sun koma gida. Ba a ajiye wanda aka jiƙa, sabo ake yi kowane lokaci. Kuma a fara tun ƙwarin ba su yi yawa ba. In gona ta riga ta yi fari fat, dogonyaro shi kaɗai ba zai dawo da ita ba.

Shi ma yana da iyaka. Man dogonyaro in ya yi kauri yana ƙona ganye, yana kuma kashe 'ya'yan jan ƙwaro mai ɗigo da ƙananan zanzaro idan ya sauka a jikinsu. Ba abin da za a riƙa fesawa ba ne don kawai ranar feshi ta zagayo. Ruwan tafarnuwa da barkono suna kore wasu ƙwari na ɗan lokaci, barkonon kuwa sai an kare ido da hanci. Ruwan taba ban ba kowa shawarar ya yi ba: nikotin yana shiga ta fatar mai feshi, yana kashe maɓarnaci da mai taimako baki ɗaya, kuma taba na iya kai cutar ganye ga tumatir da tattasai. Majimfa tana kashe ƙwari, amma da ita ake kashe kifi, don haka ba ta da wuri a gonar da ruwanta ke komawa Rima, inda masunta ke neman abinci. Fitowar abu daga tsiro ba ta mayar da shi marar cutarwa.

In kuma sai na kanti, a tambayi malamin gona wanda ya dace da ƙwaron da aka gani, a bi awon da ke jikin kwalba, a fesa inda ɓarnar take maimakon gona duka, a daina gauraya kala-kala, a kuma sauya dangin magani daga wannan feshi zuwa wancan don kada ƙwari su saba. Magungunan da ke ɗauke da saifametirin da danginsa suna da arha, amma ba su bar kowa, kuma sanannen abu ne cewa darɓa da jan ƙwaro mai saƙa sukan ɓarke bayan an yawaita su.

Duk wannan yana farawa da tsugunawa a duba. Sau biyu a mako, da sanyin safiya, a zaga gona a buɗa shuka nan da can. Akwai alamun da ke nuna masu taimako na kan aiki. Ƙwaron darɓa da ya kumbura ya bushe ya koma ruwan ƙasa, wani da ɗan rami a bayansa, zanzaro ne ya fita daga ciki. Tsutsar da ke kwance da fararen ƙananan ƙunshi manne a jikinta ko a gefenta, ta riga ta gama ɓarna, a bar ta, don abin da ke cikin ƙunshin nan naka ne. Saƙar gizo-gizo da raɓa ta bayyana a kan shinkafa alamar lafiya ce. Wanda ke shakka ya ware fangali biyu ko uku a gefe, ya bi da su ta wannan hanya kaka guda, sauran ya yi yadda ya saba, sannan ya auna abin da kowanne ya ba shi da kuɗin da ya ci.

Abu ɗaya ne mutum ba zai iya shi kaɗai ba. Ƙwari ba su san iyakar gona ba, kuma a fadama fangalin wannan manne yake da na wancan. In kai ka rage feshi maƙwabcinka na zubawa duk kwana biyar, zanzaron da furen riɗinka ya ciyar a gonarsa zai mutu. Shi ya sa a Maraɗi ƙauye guda ake ba jakunkunan, ba mutum guda ba. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta tara dubban manoma a kan ruwa ɗaya, kuma suna da ƙungiyoyin da ke tsara rabon ruwa da gyaran kwata. Waɗannan ƙungiyoyi za su iya tsara lokacin dashe, da irin maganin da za a yi amfani da shi, da shuka riɗi a kan iyakoki. Kiwon zanzaron gero kuwa ɗaki guda yake buƙata, da gero, da robobi, da mutum biyu da aka horar. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar aikin gona, jihar tana da hukumar bunƙasa noma da malaman gonarta, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tana nan, waɗanda suka ƙware a aikin kuma suna Maraɗi, Hausa suke ji. A wannan lokaci da rashin tsaro ya hana mutane da yawa a Rabah da Goronyo isa gonakinsu na nesa, ɗan abin da aka samu aka noma kusa da gari bai kamata tsutsa da kuɗin magani su raba shi ba.